Kujera Ɗaya a Bikin Sallau

To, ku gyara zama. Yau hukunci naku ne, ni nawa in faɗa.

Akwai wani saurayi, Sallau, ɗan wani malamin zaure. Abin da ya tashi ya tarar a gidansu shi ne, in an biya maka karatu, ka mayar da shi yadda aka ba ka, ko wasali ba ka taɓawa. Allah kuwa ya ba shi kai. Da haka ya shiga jami'a karatun aikin gona, yana haddace Turanci shafi-shafi, yana juyewa a jarrabawa, ana ba shi maki.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya rubuta kundin bincike. Shi sai ya ɗauki matsalar ruɓewar albasa a ma'ajiya. Aiki kam ya yi shi, har rigunansa suka kama wari. Amma da ya zo rubutu, ya dubi Turancin manyan masana, ya dubi nasa, sai kunya ta rufe shi. Shi wane ne da zai sauya wa farfesa magana? Sai ya jera jimlolinsu yadda suke, a ganinsa ladabi ya yi. A jami'a kuwa sunan wannan ladabin sata, hukuncinsa kora. Korar ma da sauƙi. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne a je zaure a ce ɗan Malam ya yi sata.

Dakta Asabe, mai duba aikinsa, ita ta gano, ita ta kai shi gaban kwamiti, don ba ta san rufa-rufa ba. Amma da ta ji bayaninsa, ita ce kuma ta miƙe ta ce yaron nan ba ɓarawo ba ne, koya masa ne ba a yi ba, laifin har da nasu. Shekarar ritayarta ce, ga suna mai kyau ta tara, amma ta ce a ɗaga masa zuwa ƙarshen zango, in ya maimaita a haɗa da ita. Ba don ita ba, da tun ranar ya naɗe kayansa.

Sai dai an ɗaga masa, bai san ta ina zai kama ba. Nan abokin ɗakinsa, Bitrus ɗan Zonkwa, ya shigo. Sai ya bar shi ya karanta shafi, ya fizge littafin ya zauna a kai, ya ce, "Sallau, me mutumin nan ya ce? Da bakinka nake so, ba da nasa ba." Da fari Turancin ya riƙa fitowa a karkace, Sallau har da hawaye. Bitrus bai gaji ba. Ya koya masa taƙaita maganar wani, da ambaton mai ita a inda aka ɗauko ta, da ɗora tasa a kai. Shi Bitrus, nasa aikin ya sha kashi. Babban sakamakon da kowa ya sa masa rai ya kuɓuce masa da kaɗan, bai kuwa taɓa goranta wa Sallau ba. Ba don shi ba, da babu kundi.

Saura tsayuwa gaban malamai a kare aikin, Sallau kuwa ko ido ba ya haɗawa da babba, balle musu. Yana da gwaggo a cikin gari, Lantana, mace mai baki, inda yake zuwa cin tuwo. Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji, amma ta san ɗan ɗan'uwanta. Sai ta sa shi ya yi mata bayanin aikin, ita kuma ta kawo magana marar kan gado da gangan. In ya ce "Haka ne, Gwaggo," sai ta janye kwanon. "Ka san ba haka ba ne, ɗan nan. Musa mini da hujja, ko ka tashi da yunwarka." Ya sha tashi da yunwar kafin bakinsa ya buɗe.

Ranar karewa, wani dattijon farfesa da aka gayyato ya so ya gane ko aikin na Sallau ne. Ya haɗe rai ya ce zafi kaɗai ke ruɓar da albasa, sauran duk surutu ne. "Haka ne" ta zo wa Sallau har leɓe, sai ya tuna kwanon nan ana janyewa. Ya ɗaga kai, cikin Turancinsa na kansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani ya saɓa da haka." Ya nuna yadda albasar da ba a shanya ba ta riga sauran lalacewa, ya faɗi wanda ya goyi bayansa a masana da wanda bai goya ba. Dattijon ya rufe kundin ya sa hannu.

Kundin ya zo na ɗaya a sashensu. Aka ba Sallau katin bikin karramawa, mutum ɗaya tak zai shiga da shi ya zauna kusa da shi. Dakta ta riga ta yi ritaya, ba za ta shiga ba sai da kati. Bitrus ba ya cikin waɗanda za a karrama, kun kuwa san dalili. Gwaggo ko ƙofar jami'a ba ta taɓa takawa ba. Ya kai wa mahaifinsa, Malam ya mayar masa ya ce, "Ni har yau ban ji an kira ɗana ɓarawo ba. Kai wa wanda ya hana ni ji."

To, jama'a, ga Sallau tsaye da kati a hannu. Wa zai kai wa?