Yashin Kogi Na Wane Alƙali Ne?

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Ƙarshen bazara ne, ruwan farko ya sauka, amma kogi bai kawo ba. Zabuwa ta sami ciyawa a tsakiyar yashin kogi, inda uwarta da kakarta suka saba yin ƙwai, ta zuba nata. Ran nan ta dawo daga kiwo, sai ta tarar da Guza kwance cikin ɓawo yana lasar baki.

Ta ce, "Guza, me na yi maka?"

Ya ce, "Ke ba ki yi mini komai ba, Hajiya. Yunwa ce ta yi mini. Baɗi ma ki zuba a nan, wurin ya yi mini kusa. In kin ji haushi, ki kai ƙara."

To, alƙalai uku ne a ƙasar. Toron Giwa ke da tudu, Gauraka ke da sama da rassan itace, Kada ke da ruwa. Al'adarsu kuwa, a daidai inda abu ya faru ake zaman shari'arsa, kuma mai ikon wurin shi ke zama. Alƙalin da ya ƙi karɓar ƙarar wani wuri, ya saki wurin ke nan. Kada kuma kawun Guza ne. Guza bai taɓa ƙwan nan ba sai da ya ga hadari ya haɗu a gabas.

Kafin Zabuwa ta kai gun alƙali, kogi ya kawo, ya shafe yashin.

Sai ta je wurin Toron Giwa. Ya biyo ta bakin kogi, ya ce, "Ina wurin?" Ta nuna tsakiyar ruwa. Ya ce, "Baiwar Allah, ni tudu na sani. Wannan ba hurumina ba ne."

Sai ta je wurin Gauraka. Ya ce, "A kan reshe kika yi ƙwan?" Ta ce a'a. Ya ce, "Ƙanwata, da kin yi gida irin na tsuntsayen kirki, da yau na share miki hawaye."

Sai ta je wurin Kada. Ya ɗago kai, Guza na bayansa yana dariya. Kada ya ce, "Ƙararki karɓaɓɓiya ce. Wurin yana nan ƙasa, gaba uku. Nutso ki same ni. Mai ƙarar da bai halarta ba kuwa, ƙararsa ta faɗi."

Zabuwa ta dubi ruwan, ta dubi dabbobin da suka zo sha. Ta rusuna ta ce, "Allah gafarta Malam, ban kawo ƙara ba tukuna. Tambaya na zo yi, don ni jahila ce. Yashin nan naka ne?"

"Nawa ne."

"Ko ruwa ya janye?"

"Ko ya janye."

"Rani da damina?"

Kada ya bugi ruwa da wutsiya. "Rani da damina! Kowa ya ji, ya shaida."

Ta yi godiya ta tafi. Guza ya bi ta da ihu: "A gaida gida, Hajiya!"

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Kogi ya ƙafe, sai gurbi ɗaya inda Kada da danginsa suke fakewa. Masu noman rani suka cika yashin. Inda ake noma kuwa ba a rasa rigima. Duk wanda Zabuwa ta ji yana shirin kai ƙara gun Toron Giwa, sai ta ce, "A'a, yashi ai na Kada ne. Dakata zafi ya yi sosai, mu je tare."

Da bazara ta tsaya, rana tana narka dutse, sai ga su a bakin gurbi. Zabuwa ta tsaya can ƙarshen layi. Toron Giwa ma ya zo kallo, ya sami inuwa ya tsaya.

Kada ya ce, "Ku faɗi daga nan."

Zabuwa ta ce, "Allah gafarta Malam, ai a inda abu ya faru ake zama. Kai ka koya mini."

Ba yadda zai yi. In ya ƙi, ya saki yashi. Sai ya jawo ciki ya fito.

Ƙarar farko, Bushiya ce da Jaki, a kan albasar da aka cinye. Aka ce Jaki ya yi bayani, sai ya faro daga ranar da aka haife shi. Kada ya wangale baki yana haki. Rana ta faɗi Jaki bai kai kan albasa ba.

Kashegari, Zomo da Kurege, a kan rijiyar da kowa ya ce shi ya haƙa. Shaidarsu ɗaya, Kunkuru. Aka aika kiransa. Ana hango shi tafe tun hantsi, bai iso ba sai la'asar. Da ya iso ya ce shi ranar yana barci. Fatar bayan Kada ta fara darewa.

Kashegari kuma Kada ya fito da ƙyar, ya ɗaga ido, ya ga layi har ya sha kwana. Rana ta take tsaka. Sai aka ji ƙas! ƙas! Fatar bayansa ta tsattsage daga wuya har wutsiya.

Guza ya raɗa masa, "Kawu, daure. Saura kaɗan."

Kada ya ce, "Kai ka sha ƙwai, ni nake gasuwa? Ku saurara, jama'a! Ikona iyakarsa inda ruwa ya tsaya ranar da abu ya faru. Abin da aka yi a busasshen yashi na tudu ne, ko da teku ta rufe shi daga baya. Na saki!"

Zabuwa ta fito daga ƙarshen layi. "Allah gafarta Malam, ƙwan zabuwa fa, a ruwa ake yinsa ko a busasshe?"

"A busasshe, 'yar nema! Ku ba ni hanya!" Ya faɗa gurbi, tsulum.

Guza ya zabura zai bi shi, sai ya ji wutsiyarsa ta ƙi tafiya. Toron Giwa ne ya ɗora ƙafa a kai. Ya ce, "Sannu, ɗan Kawu. Yanzu ka shigo hurumina. Baiwar Allah, nuna wurin."

Ta taka har inda sheƙarta take a da, ta tsaya a kai. Guza ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ruwa ya yi masa nisa, sai ya amsa laifinsa. Toron Giwa ya yanke: daga saukar ruwan farko har kogi ya kawo, in aka ga sawun Guza a yashi, ƙafar da ke kan wutsiya za ta koma kan kai.

Da ruwan farko ya sauka, Zabuwa ta zuba ƙwai a wurin, ta ƙyanƙyashe su duka. Ta jero 'ya'yanta a baya, suka bi ta bakin gurbi. Ta ce, "Yara, ku gaida Malam." Kada ya nutse. Har yau bayansa bai warke ba.

Shi ya sa mai hankali, kafin ya ce me za a yanke, yakan tambaya ina za a zauna. Alƙalin da ya miƙa hannu kan abin da ba nasa ba kuwa, shi rana za ta fara ci.

Ƙurunƙus kan guza.