Ɗahiru Mati Biyu, Wasiƙa Ɗaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da babu wayar hannu, labari sai a rediyo ko ta gidan waya. Sunansa Ɗahiru Mati. Kafinta ne, kuma ɗan ƙwallo ne. E, ɗan ƙwallo na ce. Na ga samarin da ke can baya sun ɗago kai. To madalla, yau Malam ya shigo unguwarku, ku matso ku saurara.

Wannan Ɗahiru, da safe yana shagonsa yana fere katako, da la'asar sakaliya yana fili yana buga wa ƙungiyar garinsu gaba. Ya iya ƙwallo daidai gwargwado. Burinsa ɗaya ne a duniya: wata rana babbar ƙungiya ta birni ta ɗauke shi, a riƙa kiran sunansa a rediyo. Har ya kai shekara ashirin da bakwai yana jira, kun kuwa san ɗan ƙwallo idan ya kai nan rana ta fara yi masa.

To a garin da ke tsallaken kogi akwai wani ɗan ƙwallon, shi ma gaba yake bugawa, shi ma sunansa Ɗahiru Mati. Ba dangin iya, ba na baba, suna ne kawai Allah ya haɗa. Kuma ba sa shiri. A wata gasa wancan na tsallake ya kai wa namu gwiwar hannu a baki, haƙori ɗaya ya fita, bai ko ce sannu ba.

Ana nan, wata ranar Litinin, sai ga ma'aikacin gidan waya a kan kekensa, ya tsaya ƙofar shago yana kaɗa ambulan. An rubuta Ɗahiru Mati, ɗan ƙwallo, sai sunan lardi, shi ke nan. Wasiƙar da Turanci take, aka kira Malam Lurwanu, malamin firamare, wanda kuma shi ne sakataren ƙungiyarsu. Ya karanta ya fassara wa jama'a: babbar ƙungiyar birni ta ce wakilinta ya ga wasan Ɗahiru Mati a gasar lardi, suna son sa, ga tikitin jirgin ƙasa na ranar Alhamis.

Jama'a, gari ya ɗauka! Mahaifiyarsa, Inna, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi. Matarsa Hansatu ta hau wanke masa kaya. Kawunsa Barau, wanda shekara goma yana cewa ƙwallo aikin marasa aikin yi ne, shi ya fara kayar da rago. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a.

Amma shi Ɗahiru akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ya lura lokacin da Malam Lurwanu ke karatu, ya zo wani wuri ya yi tari, ya tsallake. Washegari da hantsi ya same shi a makaranta, ya ce, "Malam, don Allah a sake karanta mini. A hankali, kalma kalma, har da wurin da tari ya kama ka."

Malam Lurwanu ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ba wani abu ba ne. Cewa suka yi ƙafarka ta hagu ta burge su."

Ɗahiru ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya dubi Malam. Ya ce, "Malam, wannan ƙafar ai taka keke kawai nake yi da ita. Ko kaza ban taɓa kora da ita ba. Mai hagu yana tsallaken kogi."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin jarrabawar. Malam Lurwanu ya ja shi gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Ɗahiru, wa ya sani? Ni da kai. Babu hoto a takardar nan. Sunanka ne a jiki ko ba sunanka ba ne? Kai ma ka iya ƙwallo, in ka je za su gani su so. Kuma wa za ka kai wa? Mutumin da ya cire maka haƙori? Ka tuna an ci ragon Kawu."

Wallahi jama'a, magana ce mai daɗin ji. Shaiɗan ba ya zuwa da magana mai ɗaci. Ɗahiru ya riƙe tikitin nan yana kallo. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ne, ga shi a tafin hannunsa. Can ya nisa ya ce, "Sunana ne a jiki, amma ba ni ake kira ba. In na tafi, duk ƙwallon da na ci, da ƙafar wani na ci ta."

Ya koma gida ya sami Inna tana tankaɗe. Ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta ajiye rariya. Sai ta ce, "To me kake jira? Jibi ne Alhamis. Tashi ka kai wa yaron mutane abinsa." Hansatu kuwa ta ɗan share ido, ta ce, "Maigida, ka dai sa rigar da na goge, kada gugar ta tashi a banza."

Ya hau keke, ya shiga kwalekwale da shi, ya tsallaka. Ya tambayi gidan su Ɗahiru Mati, aka ce ai ya daina ƙwallo tun bayan gasa, ya ce ya gaji, yana gona. Ya bi shi gonar. Wancan yana hango shi sai ya ɗaga fartanya sama, ya ce, "Kai, in maganar haƙorin nan ce, ka tsaya daga nan!"

Namu ya yi dariya har giɓin ya fito. Ya ce, "Takwara, ajiye fartanya. Saƙonka ne ya ɓata hanya ya zo gidana."

Ya miƙa masa, ya faɗa masa abin da ke ciki. Wancan ya zauna daɓas a kan kunya. Ya juya takarda, ya juya tikiti. Ya ce, "Ka san da ka tafi, har abada ba zan sani ba?"

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Ni zan sani, Allah kuma ya riga ya sani. Tashi ka nemo takalmanka."

Ƙaton mutum, ya fashe da kuka a tsakiyar gona. Yana kuka yana cewa, "Ka yafe mini haƙorin." Namu ya ce, "Na yafe. Dama yana yi mini ciwo."

Ranar Alhamis mai hagu ya hau jirgi. Namu ya koma shagonsa. Kada ku zaci gari ya tafa masa. Ina! Wata guda ana yi masa dariya. In ya wuce majalisa sai a ce, "Ga na birni ya dawo." Kawu Barau ya yi sati uku ba ya amsa gaisuwarsa. Da yamma kuma a kunna rediyo, a ji ana ihu, "Ɗahiru Mati ya ci!" Shi kuwa yana zaune yana buga ƙusa a kujera. Kuna tsammanin bai ji zafi ba? Ya ji. Mutum ne. Amma ko sau ɗaya ba a ji ya ce da na sani ba.

To ku ji yadda Allah yake nasa shirin. Bayan shekara guda aka shirya wasa tsakanin garuruwan nan biyu, aka rasa alƙalin wasa. Duk wanda aka kawo, sai ɓangare ɗaya ya ce bai yarda ba. Sai wani dattijo daga tsallake, daga garin abokan hamayya fa, ya ce, "A ba kafintan nan usur. Wanda ya tsallako kogi ya kawo mana abin da ba wanda ya san yana hannunsa, ba zai cuce mu a fili ba." Aka ba shi. Aka tashi wasa babu ko jifa, abin da ba a taɓa gani ba. Daga nan wannan gari ya kira shi, wancan ya kira shi. Aka tura shi kwas, ya samu takarda, ya yi ta hawa.

Shekara tara bayan haka, wasan ƙarshe na babban kofi a birni, fili ya cika maƙil. Alƙalin wasa Ɗahiru Mati, kyaftin ɗin ƙungiya ɗaya Ɗahiru Mati. Ana saura minti biyar a tashi, aka bugo kwana, kyaftin ya yi tsalle, ƙwallo ta shige raga, fili ya rikice. Amma da hannu ya tura ta, kuma alƙali ya gani. Ya busa usur, ya soke ƙwallo, ya zaro katin gargaɗi.

Kyaftin ya matso ya ce, "Haba takwara, har ni?"

Ya ce, "Har kai, takwara."

Kyaftin ya yi dariya, ya juya ya ɗaga hannun nan sama don 'yan kallo su san gaskiyar alƙali ce, hayaniya ta kwanta.

Can gida kuwa an kewaye rediyo a tsakar gidan Inna. Mai sharhi yana ta ihu, "Ɗahiru Mati ya ba Ɗahiru Mati kati!" Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Yau na ga ikon Allah, shi ya ba kansa?" Kawu Barau, da ya tsufa yana dogara sanda, ya ce, "Yaya, in dai ya yi laifi, wallahi zai iya."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Abin da ba naka ba, ba ya zama naka don sunanka ya hau kansa, ko don ba mai gani. Kowannenmu irin wasiƙar nan tana zuwa ƙofarsa. Kai da aka yaba maka a ofis kan aikin da abokinka ya yi, ka yi shiru kana murmushi, wasiƙar ce. Ke da aka kawo miki ɗinkin maƙwabciya bisa kuskure, kika ga ya fi naki kyau, wasiƙar ce. Kai ɗalibi da aka haɗa maka makin wani, wasiƙar ce. Ku mayar wa mai abu abinsa, ko da kuwa shi ne ya taɓa ɓata muku, ko da za a yi wata guda ana muku dariya. Rabonku yana nan, ba zai ɓata gida ba, kuma idan ya zo za ku riƙe shi ba tare da kuna waiwaye ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana a fili da ɓoye. Ku kuma na baya, na san ƙarfe huɗu ake take wasa. Ku tashi a yi sallah tukuna.