Marka da Giyar da Ta Ƙi Zama a Randa

To, ku matso kusa ku yi shiru. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna!

Wata mata ce sunanta Marka, a wani ƙauyen Maguzawa can gindin dutse. Mijinta Nomau manomi ne na gaske, amma a wannan daminar kurkunu ya fito masa a ƙafa. Ƙafa ta kumbura suntum, ko bakin ƙofa sai da sanda. Ruwa kuwa kullum zuba yake. Ciyawa ta tashi ta shaƙe dawa, har ba ka gane shuka da haki. In aka ƙara kwana bakwai ba a nome gonar nan ba, to bana babu tuwo a gidan.

Sai Nomau ya ce, "Marka, gayya za mu kira."

Gayya a garin nan ba a biyan kowa. Maza su zo da fartanyoyinsu, makaɗi ya zo da gangarsa, su yi ta noma. Amma rana na kaiwa tsaka, sai matar gida ta kai musu giya gona. In giya ta zo, su sha su ƙarasa. In ba ta zo ba, kowa ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya, kuma ko baɗi ka kira ba mai amsa maka.

Marka kuwa ba ta taɓa dafa giya ita kaɗai ba. Surukarta ce mai yi, ita sai miƙo ice da ɗebo ruwa, tsohuwar kuma ta rasu da rani. Amma ta ce, "Ai na sha gani. Zan iya."

Sai ta shiga rumbu ta share ragowar dawa kakaf, ko ƙwaya ba ta bari ba. Ta jiƙa, ta baza ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa. Ta dafa, ta tace, ta sake dafawa. Ruwa ya fito ja, mai zaƙi, ƙamshi har gidan maƙwabta. Saura abu guda, ragowar tsohuwar giya da ake ɗan zubawa don sabuwa ta tashi.

Sai ta tafi gidan Iya Barauka, tsohuwar da ta fi kowa iya giya a garin. Iya ta ciko mata ƙoƙo ta ce, "'Yar nan, ludayi ɗaya ya ishe ki. Ɗaya fa na ce."

Marka ta ce, "To, Iya."

Ana gobe gayya da la'asar, ta juye ruwan nan duka a babbar randar ɗakin girki, randa ta cika maƙil har wuya. Ta zuba ludayi ɗaya, ta tsaya tana kallo. Shiru. Ta zuba na biyu. Shiru. Sai ta ce, "In gobe ta yi ba ta tashi ba fa? Iya ta tsufa, rowa take yi." Sai ta tuntsura ƙoƙon duka a ciki. Ta janyo toka mai zafi daga murhu ta kewaye gindin randa, ta ja ƙyaure ta rufe ɗaki.

Gari ya waye. Maza suka wuce gona, su wajen arba'in, Sarkin Noma Cindo a gaba, makaɗi a baya. Marka ta zo ta buɗe ɗakin girki.

Wayyo! Kumfa ce ta yi tsiri a bakin randa kamar hular tsoho, tana gangarowa ta ko'ina, ƙasa ta jiƙe jagab. Giya na ɓuɓɓuga tana tafasa ba wuta. Can sai ta ji murya daga cikin randa:

"Fututu, fututu, Marka..."

Marka ta yi tsalle ta ce, "Maigida! Maigida, zo ka ga! Giya na kiran sunana!"

Nomau ya taho da sanda yana ɗingishi. Ya leƙa ya ce, "Kai! Ke, guduwa za ta yi. Danne ta!"

Sai Marka ta yi wuf ta ɗauko faifai ta kifa a bakin randa, ta ɗauko ɗan dutsen niƙa ta ɗora. Giya ta yi tsit.

Nomau ya ce, "Kin gani? Abu sai da namiji."

Bai rufe baki ba sai faifai ya fara rawa. Dutse ya fara kaɗa kai. Sai fau! Faifai ya yi sama kamar shaho, dutse ya yi waje ta ƙofa, ya faɗa tsakiyar kaji. Kaji suka watse suna kururuwa, zakara ya haye katanga. Giya ta yi ambaliya, ta fi ta ɗazu.

Can daga gona ganga ta ce, "Marka, hantsi ya yi! Marka, hantsi ya yi!"

Marka ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku. Ba sauran dawa a rumbu."

Randa ta ce:

"Fututu, fututu, Marka,
Ɗakin nan..."

Nomau ya ce, "Har da baki gare ta? Ɗaure mata bakin! Ga ƙirgin akuya can a rataye."

Sai Marka ta jawo ƙirgi, ta shimfiɗa a bakin randa, ta ɗauko igiyar guga ta naɗa, ta naɗa, ta ja da haƙori ta ƙulle tamau. Giya ta yi tsit.

Nomau ya ce, "To yanzu ta bi ta ina?"

Sai ƙirgi ya fara tasowa. Ya kumbura, ya kumbura, ya zama kamar cikin mai wata tara. Ya fara kaɗa kansa, dim, dim, dim, har makaɗin gona ya tsaya yana waige, ya ce wa ke yi masa kishiya a cikin gari. Sai igiya ta ce tas! Ƙirgi ya tashi ya maƙe Nomau a fuska, kumfa ta wanke Marka tun daga ɗankwali har idon sahu.

Ganga ta ce, "Marka, rana ta ɗaga! Marka, maƙoshi ya bushe!"

Marka ta leƙa randa, ta ga giya ta sauka daga wuya zuwa kafaɗa, sauran duk tana ƙasa. Idonta ya kawo ruwa.

Randa ta ce:

"Fututu, fututu, Marka,
Ɗakin nan ya..."

Nomau ya ɓamɓare ƙirgi daga fuskarsa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ni giya za ta mara a gidana? Kifa akushi! Ni da kaina zan zauna mata."

Marka ta ce, "Maigida, ƙafarka fa."

Ya ce, "Ai ba da ƙafa ake zama ba."

Sai ta kifa babban akushi a bakin randa, ta tallafa masa ya hau, ya zauna daram, ya harɗe hannu a ƙirji. Giya ta yi tsit. Nomau ya fara murmushi.

Sai ya ji akushi na motsi. Ya ce, "Marka, ke kike taɓa ni?"

Ta ce, "Ni ina nan bakin ƙofa."

Ya ce, "To riƙe ni! Marka, riƙe..."

Buuum! Akushi ya tashi da shi. Nomau ya huda jinkar ɗaki da kansa, ya maƙale. Kai da kafaɗu a waje suna kallon gari, ƙafafu a ciki suna lilo, giya na ɗiga daga wando.

Ya ce, "Jama'a, ku kawo tsani! Marka, ina hango gona! Sun fara miƙa baya suna kallon rana!"

Ƙarar nan ce ta fito da Iya Barauka. Ta taho da sandarta, ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga kai ta ce, "Nomau, barka da hutawa. Yaushe ka koma zakara?"

Ya ce, "Iya, ki bar ba'a, a sauke ni."

Ta ce, "Zauna tukuna, ka fi amfani a nan."

Ta shiga ɗaki, ta taka kumfa, ta taɓa randa da bayan hannu ta janye. Ta dubi toka, ta dubi ƙoƙo a yashe wayam. Ta ce, "'Yar nan, ludayi nawa na ce?"

Marka ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗaya, Iya."

"Nawa kika zuba?"

"Tsoro na ji, Iya. Duka na zuba. Ga shi yanzu tana zagina tun da safe."

Iya ta ce, "Zagi? Me ta ce?"

Sai a lokacin Marka ta lura. Sau uku giya na magana, sau uku tana toshe mata baki. Sai ta share hawaye da gefen zane, ta durƙusa gaban randa ta ce, "To faɗi, ina ji."

Sai randa ta ce:

"Fututu, fututu, Marka,
Ɗakin nan ya yi mini kaɗan,
Tokar nan ta ƙona ni,
Ki ba ni wuri in yi numfashi,
Ki kai ni inuwa in kwanta."

Marka ta miƙe zumbur ta ce, "Ashe roƙo take! Iya, tuluna nawa gare ki?"

Iya ta yi dariya ta ce, "Yanzu kika fara dafa giya. Huɗu. Je ki kwaso."

Sai Marka ta ruga. Ta kwaso na Iya, ta zubar da ruwan nata biyu, ta leƙa katanga ta ce, "Matan unguwa, mai tulu ta kawo!" Kan ka ce me, mata sun cika gida. Wasu suka share tokar gindin randa. Wasu suka ɗebo yashi suka zuba gindin durumin ƙofar gida, suka jiƙa shi da ruwan rijiya mai sanyi. Marka ta kama ƙwarya tana ɗiba tana zubawa a tulu.

Iya na tsaye tana cewa, "Rabi! Rabi kawai, kar ki cika. Bar mata inda kumfa za ta taka rawa."

Wata ta ɗauko marfi za ta rufe, Marka ta ce, "A'a, Yaya! Kar ki danne. Ɗora matankaɗi, ƙuda ba zai shiga ba, ita kuma ta sha iska."

Aka jera tuluna bakwai a cikin yashi mai laima, aka rufa musu jiƙaƙƙen tsumma a jiki. Kumfa ta taso, ta taso, ta kai wuyan tulu, ba ta samu abin turewa ba, sai ta koma. Ta sake tasowa, ta koma. Fututu ya zama futu. Futu ya zama sss, kamar jariri ya sha nono ya yi barci.

Daga saman jinka Nomau ya ƙwala ihu, "Marka! Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa! Cindo ya saɓa fartanya! Ganga ta yi shiru!"

Marka ta ce, "Mata, gammo!"

Mata bakwai suka ɗauki tulu bakwai. Marka a gaba, tana sauri amma ba ta girgiza kai, tana cewa, "A hankali, kar ku tashe ta." Suka tarar da maza sun fito bakin gona sun jeru a hanya, rabin gona an nome, rabi na nan da ciyawa har gwiwa.

Marka ta durƙusa ta sauke tulu ta ce, "Sarkin Noma, ku yi haƙuri, ga ta."

Cindo ya leƙa tulu na farko, ya leƙa na biyu, ya taɓe baki ya ce, "Rabi-rabi? Mu arba'in? Marka, ina sauran?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba. Wata tana ƙasan ɗaki, wata kaji sun sha, wata kuma tana wandon maigida. Shi ma yana can saman jinka in kana son shaida."

Maza suka juya suka hango kan Nomau tsiri a saman ɗaki, yana ɗaga musu hannu. Sai dariya ta ɓarke, wani ya yar da fartanya ya riƙe ciki, makaɗi ya zauna daɓas a kan kunyar gona.

Cindo ya share hawaye ya ce, "Zubo mu ji giyar da ta ɗaga ƙato."

Ta zuba masa ƙoƙo ɗaya. Ya kurɓa. Ya lashe baki. Ya sake kurɓa, gashin bakinsa ya miƙe. Sai ya yi gyatsa guda, tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Ya ce, "Kai! Wannan ƙoƙo ɗaya ya fi uku. Kowa ɗaya-ɗaya, wanda ya ƙara ba ruwana. Makaɗi, tashi!"

Aka zaga da ƙoƙo, ta ishi kowa daidai. Ganga ta ɗauka, maza suka faɗa gona kamar an sako su. Ƙasa na tashi, ciyawa na kwanciya, mata na guɗa. Kafin la'asar sun kai ƙarshen gonar Nomau, ba su ma lura da iyaka ba, suka zarce suka nome ta Iya Barauka da ke gefe.

Da suka gama, sai suka ɗauko tsani, su arba'in, da kiɗa da waƙa, suka je suka sauko da maigida. Dawa ta sha iska ta yi zangarniya, shekarar nan Marka ta cika rumbu har ta gina na biyu.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. Ku dai ku riƙe wannan: in abu ya taso yana kumfa, ko giya ce ko mutum, kar ku yi saurin ɗora masa dutse. Ku tsaya ku ji me yake cewa, ku ba shi wuri, ku kai shi inuwa. Kuma in babba ya ce ludayi ɗaya, to ɗayan yake nufi.