Waƙar da Kunne Bai Taɓa Ji Ba

A wata ƙasa da 'yan gurguzu ke mulki, Kwamared Tanimu, shugaban hukumar tace waƙoƙi, ya sa aka kira masa Delu mai kiɗan ƙwarya.

Ya ce, "Waƙoƙinki na kakanni ne, warin sarauta suke yi. Ranar taron ma'aikata ina son sabuwa fil, wadda kunne bai taɓa ji ba, amma talakawa su yi amshi nan take. In kin kasa, a fasa ƙwaryar, a kai ki noma gonar gwamnati."

"An gama, ranka ya daɗe."

"Kwamared ake cewa!"

Ranar taro Delu ta buga ƙwarya, ta rera: "Wa ke hukunta kiɗa bai san kiɗa ba?"

Fili ya ɗauka baki ɗaya: "Tanimu!"

Ya zabura yana huci. "Ku kama ta!"

Delu ta ce, "Dakata, Kwamared. Ka taɓa jin waƙar nan?"

"Wa ya isa ya yi ta?"

"Sabuwa ce ke nan. Amshin fa?"

"Ke kika koya musu!"

"Ni? Shekara goma suna bitarta a ciki. Ai kai ne malaminsu."