Arzika Mai Ruwa da Kare Mai Ƙafa Uku

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, wani bawan Allah ana kiransa Arzika. Ku saurara da kyau, jama'a, domin mutumin nan ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ɗiban ruwa yake yi. Ya ja guga a rijiyar bayan gari, ya cika tulu, ya bi gida-gida. Randar alwala ta masallaci ma shi ke cika ta, kuma ba ya karɓar ko wuri a kanta.

Wata rana da hantsi yana kan hanyar rijiya sai ya ji nishi a cikin sabara. Ya leƙa, ya ga kare a kwance, tarkon ƙarfe ya datse masa ƙafar gaba har ta yi baƙi. Ya san karen, na Barmo mafarauci ne. Ya ajiye tulu ya je ya gaya masa.

Barmo ya ce, "Karen da ba zai ƙara bin zomo ba, me zan yi da shi? Ƙyale shi, ungulu za su same shi."

Arzika ya juya. Ya koma ya ɓamɓare tarkon, ya naɗe karen a tsohuwar tabarma, ya kai shi wurin Cindo wanzami. Cindo ya duba ya ce, "Ni ban taɓa sa aska a jikin kare ba. Amma ƙafar nan ta mutu, in ba a cire ta ba za ta tafi da shi." Arzika ya yi ta roƙo har Cindo ya ɗauko wata tsohuwar wuƙa, ya gasa ta a wuta, ya cire ƙafar.

To, kuna tsammanin nan aikin alherin ya ƙare? Nan ya fara.

Kwana huɗu da yankan, dungun ya kumbura. Ya soma zubar da ruwa, ya soma ɗoyi. Karen ya ƙi cin abinci, jikinsa ya yi zafi, ƙudaje suka yi masa caa. Ran nan Arzika ya kwance tsumman sai ya ga tsutsa. Ya zauna a gindin zana da tsinke yana cire su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya sake ɗaurewa. Da safe haka, da la'asar haka. In ya ɗaure ya tafi rijiya, kafin ya dawo karen ya yage tsumman da haƙori ya lashe maganin, ciwo ya koma ɗanye. Ya sake wankewa, ya sake ɗaurewa. Daga baya ya huda tsohon faifai ya zura masa a wuya don kada bakinsa ya kai wurin. Sau biyu zafi ya sa karen ya cije shi a hannu. Arzika ya ce, "Ba kai ba ne, ciwo ne."

Matarsa Tabawa mace ce mai haƙuri, amma ɗoyi ya cika mata tsakar gida. Ta ce, "Maigida, da akuya ce sai in ce za ta haihu. Wannan fa me zai yi mana?"

Ya ce, "Babu abin da zai yi mana."

"To, don me?"

"Ni na ɗauko shi, Tabawa. Ran nan da na wuce da tuluna, wata magana ce. Amma na ɗauko. Yanzu in na yar da shi, da wane baki zan amsa in an tambaye ni?"

Ku saurara, ga inda jarrabawar take. Magana ta zaga gari cewa hannun da ke wanke ƙurjin kare shi ke ja wa mutane ruwa. Ya yi sallama a wannan gida, a ce randa a cike take. Ya yi sallama a wancan, a ce wani ya riga ya kawo. Gidajen da ya shekara ashirin yana shayarwa suka juya masa baya. Tuwon gidansa ya koma sau ɗaya a yini, a ciki kuma yake gutsura wa karen. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da ya kai ruwa masallaci, wani dattijo ya tare shi a ƙofa ya ce, "Dakata da tulun nan sai Liman ya yi magana." Arzika ya juyo da ruwansa a kai. A hanya zuciya ta raya masa ya kai karen bayan gari ya huta. Ya isa gida, karen ya ɗaga kai daga cikin faifan nan, ya buga wutsiya a ƙasa. Arzika ya sauke tulu, ya ɗora ruwan ɗumi.

Washegari sai ga Liman da kansa, ba aike. Ya tarar da shi yana cikin wankin ciwon, ya ce, "Ci gaba da aikinka." Ya tsaya yana kallo. Ya ga kaskon karen daban, ƙwaryar wankin ciwo daban, rigar da yake sawa don aikin ma daban. Ya ga da ya gama ya cuɗe hannu da toka da ƙasa, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, kafin ya kusanci tulu.

Arzika ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, in na yi kuskure a gaya mini."

Liman ya ce, "Ƙishirwa nake ji. Ɗebo mini a tulunka."

Ya sha ya ƙoshi, ya yi hamdala. Sannan ya dubi dungun ya ce, "Kan ƙashi ne ke tokare fatar, shi ya hana shi rufewa. Ka koma wurin Cindo, ka ce ni na aiko ka." Da zai fita ya ƙara da cewa, "Randar masallaci ta bushe tun jiya."

Cindo ya rage ƙashin, jinya ta dawo sabuwa. Sai bayan wata uku ciwon ya rufe. Ko da ya rufe, karen ya manta tafiya. In ya miƙe sai ya kife ta gefen da babu ƙafa. Arzika ya riƙa zura masa ƙyalle ta ƙarƙashin ƙirji yana tallafe shi, taku biyu yau, taku biyar gobe, har ranar da ya yi tsalle-tsallensa shi kaɗai ya kai bakin zaure. Tabawa ce ta fara gani, ta saki muciya ta ce, "Maigida, fito ka ga ikon Allah!"

Na san kuna jira in ce karen ya tono masa tukunyar zinariya, ko ya kori ɓarayi. A'a. Wasu gidajen sun dawo suna karɓar ruwansa, wasu ba su dawo ba har ya bar duniya. Karen ya yi shekara huɗu yana bin sa rijiya da ƙafa uku, ya kwanta a inuwa har Arzika ya gama jan ruwa. Da ya mutu Arzika ya haƙa rami ya rufe shi. Iyakar labarin ke nan. Sakamakon yana wurin Wanda ya ga kowace tsutsa da aka cire.

Jama'a, tausayi na yini ɗaya kowa na iyawa. Ranar da aka kwantar da mutum, ɗaki cike yake da masu sannu. Ku koma bayan kwana arba'in, lokacin da ciwo ya soma wari, mai ciwo ya soma faɗa, ku ƙirga waɗanda suka rage. A cikinmu nan akwai mai tsoho a kwance, akwai wanda aka yanke wa ɗan'uwansa ƙafa, akwai wanda dabbarsa ta karye ya daina leƙa ta. Alherin da Allah ke dubawa shi ne wanda ka ci gaba da yi bayan ka gaji, ga wanda ba zai iya rama maka ba. Arzika kare ya ɗauko bai yar ba. Kai naka mutum ne. In an shafa fatiha, tashi ka je ka duba shi.

Allah ya ba mu juriya, ya haɗa mu da masu jure mana ranar da muka kwanta.