Fatawar Magimfa

An yi wani sarki mai suna Jatau, wanda birninsa ke bakin kogi, kuma ba ya da abin alfahari kamar cewa babu unguwar da ba ta da makaranta a ƙasarsa. A zamaninsa masunta suka gaji da jan taru, suka koma daka magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi, suna zubawa a ruwa, babba da ƙarami su taso ciki sama a kwashe da kwando. Shekara bakwai ana lasar baki, a ta takwas aka nemi ko ɗan tarwaɗa aka rasa.

Ana cikin haka labari ya iso cewa mutanen gangare, wata al'umma mai nata yare da ke tafiyar kwana uku ƙasa da birnin a bakin kogin nan, yunwa na kashe su, domin kifi ne abincinsu. Sarki ya tara fada, ya rantse cewa duk wanda laifin ya tabbata a kansa sai ya bar ƙasar. Ya ce, "Ku warware mini wannan: yaya kogi ya mutu a gaban malamai ɗari?"

Sarkin Ruwa ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban zuba ba sai da na tambayi Alƙali."

Alƙali Tanimu ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, an tambaye ni ko ruwan na nan da tsarkinsa. Na duba, launi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, ƙamshi bai sake ba. Na amsa abin da aka tambaye ni."

Can gefe akwai Malam Barmo, tsoho matalauci, wanda su biyun duk a zaurensa suka yi karatu. Ba wanda ya dube shi, da ya yi shiru da ya mutu a ɗakinsa da mutuncinsa. Amma ya ji maganarsa ce tsaf a bakin Alƙali, har da inda yake jan numfashi, kunya ta rufe shi.

Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni za a kora. Shekara arba'in ina koyar da hukuncin ruwan da ke cikin buta, ban taɓa kai ɗalibi bakin kogi na ce ya tambayi inda ruwan ya nufa, da wanda zai ci daga gare shi bayanmu, da abin da za a bar wa jikoki ba. Littafi ya hana cutarwa, ni ne na karantar da babin a gurguje, saboda ba a yi wa masaninsa kirari a majalisa."

Sarki ya yafa masa alkyabba, ya ɗora shi a kan makarantun ƙasar duka, ya hana magimfa, ya ce, "Rantsuwa kuwa sai ta cika. Ka bar ƙasata zuwa gangare, kai da Alƙali da Sarkin Ruwa, ku nemi gafara, sannan ku dawo."

Suka yi kwana uku suna tafiya. Suka tarar da bukkoki a buɗe, jiragen ruwa a kife, sabbin kaburbura a jere, sai wata tsohuwa da ƙafa ta hana ta bin masu ƙaura. Malam Barmo ya durƙusa gabanta cikin alkyabbarsa, ya buɗe baki, sai ya tuna bai san kalma ko ɗaya ta yarenta ba. Ya waiwayi Alƙali, Alƙali ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta juya musu baya.

Masu hikima suka ce, adalcin da iyakarsa ganuwar gari, zalunci ne ga wanda ke bayanta, kuma mafi ɗacin adalci shi ne wanda ya iso bayan an rufe kabari.