Injiniya da Birkin Akori-kura

Akwai wani direba da mutanen layinsu suke kira Injiniya. Bai taɓa karantar aikin injiniya ba, abincin kaji yake rarrabawa gidajen gona da tsohuwar akori-kurarsa. Sunan ya samo asali ne daga halinsa. Ba abin da zai lalace a gabansa bai kwance shi ba, rediyo ne ko fanka ko dutsen guga. Wani ya gyaru, wani ya mutu murus, amma ba a taɓa jin ya ce laifin hannunsa ne ba. Mutumin kirki ne, mai son iyalinsa. Aibinsa ɗaya, ya tsani a ce wani ya fi shi sanin abu.

Matarsa tela ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a kusurwar falo, tsakanin kujera da taga, 'yan biyunsu mata suna wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin teburinta. Hannunta yana da kyau, har daga wasu unguwanni ake kawo mata aiki. A wannan shekarar ta samu shago a bakin babban titi, aka yi fenti, aka kafa kantoci, saura kwashe kekunan ɗinki kawai.

A daidai lokacin ne birkin motar ya fara sanyi. Da, taɓawa ɗaya take tsayawa. Yanzu sai ya taka sau biyu ko uku kafin ya kama, in kuwa da lodi, sai ta ƙara 'yar tafiya kafin ta yarda ta tsaya. Matar ce ta fara lura.

"Baban 'yan biyu, wannan taka-takar da kake yi, birki ne ko keken ɗinki?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai riƙe almakashinki. Mota sai mai ita."

Yayanta bakanike ne, yana da gareji a bayan tasha, ya yi shekara talatin a ƙarƙashin motoci. Wata rana ya zo duba 'yan biyu, ta yi masa maganar. Ya fita ya shiga motar, ya ɗora ƙafa a kan birkin ya danne. A hankali birkin ya yi ta nutsewa. Ya sauko ya tsuguna wajen tayar baya, ya shafa cikinta, ya nuna wa Injiniya yatsunsa sun jiƙe.

"Man birki yana yoyo ta nan," in ji shi. "Iska ta shiga layin, takalman birkin baya ma sun sha mai. Kawo ta gobe da safe. A canza robobi, a sa sababbin takalma, a fitar da iskar. Kafin la'asar ka ɗauki abarka."

"Yaya, ai takalman gaba ne kawai suka cinye. Na riga na duba."

"Ƙanena, rediyo in ka ɓata shi, shiru zai yi. Wannan in ka ɓata, ba shiru za ta yi ba."

'Yan biyu suka tuntsire da dariya, uwarsu ma ta murmusa. Wannan dariyar ce ta tsaya wa Injiniya a rai. A gaban 'ya'yansa za a mayar da shi abin wasa? Ya ƙudura a zuciyarsa motar nan ba za ta taka garejin surukinsa ba.

Ranar Asabar ya sayo takalman gaba, ya ɗaga motar a ƙofar gida, ya wuni yana fama har ya ɗaura su. Tayar baya ko kallonta bai yi ba. Da ya buɗe ɗan tankin man birki sai ya tarar ya kusa ƙafewa. Ba shi da man birki a gida, kanti kuma da 'yar tafiya, ga gajiya. A cikin akwatin kayan aikinsa akwai ragowar jan man sitiyari. Ya jujjuya robar man a hannu, ya ce a ransa ai mai duk mai ne. Ya tuttula ya cika tankin, ya rufe. Ya zaga layi sau biyu, ya ji kamar birkin ya ɗan yi ƙarfi, ya dawo yana fito.

Matar tana goge wata riga ya shigo yana wanke hannu.

"An gama da birki," ya ce.

"Yayana ya gani?"

Ya ɗauki tawul yana goge hannu. Da ya ce a'a, da maganar ta dawo sabuwa.

"Ya gani. Ya ce ya yi daidai."

"To madalla," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Bayan kwana shida aka tashi kwashe kaya. Yayan ya bugo waya yana cewa zai turo motar gareji ta ɗauka. Ta ce kada ya wahalar da kansa, ga mota a gida. Shi kuma ya ɗauka an kai ta wani garejin an gyara, bai ƙara tambaya ba. Aka loda manyan kekuna biyu, da teburin yanka, da buhunan yadi. Ta shiga gaba ta zauna, makullin shagon a hannunta, tana ta lissafa masa inda za a ajiye kowane abu.

Kafin a isa babban titi akwai gangara mai tsawo. Suna tsakiyarta Injiniya ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya sake takawa, ya sake, babu komai. Ya ja birkin hannu, takalman baya da suka jiƙe da mai suka ƙi kamawa. Ya nemi mayar da giya ƙasa, ta yi ƙara ta ƙi shiga. A ƙasan gangarar wata bas ta tsaya, mutane suna sauka, har da mai goyo. Abu ɗaya ya rage masa. Ya karya sitiyari zuwa katangar wani sito da ke gefen hanya, katangar kuwa ta ɓangaren matarsa take. Ta miƙa hannun dama ta tokare gabanta.

Shi goshinsa ne kawai ya fashe. Ita kuwa wuyan hannunta ya karye wuri biyu, yatsu uku suka murƙushe. An yi mata aiki sau biyu. Likita ya ce hannun zai warke, za ta ci abinci da shi, za ta sa tufafi, amma yatsun ba za su ƙara lanƙwasuwa yadda suke ba.

Yayan ne ya janyo motar zuwa garejinsa. Washegari ya zo asibiti, ya kira Injiniya baranda. Ya buɗe tafin hannunsa, ga wata baƙar roba ta kumbura ta yi laushi, ta ninka girmanta.

"Daga cikin famfon birkinka na ciro ta. Me ka zuba?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Man sitiyari."

"Shi ya cinye robobin gaba ɗaya. Yoyon baya kuma yana nan yadda na bar shi." Sannan ya ce, "Ta ce mini wai na duba na ce ya yi daidai."

Injiniya bai iya ɗaga ido ba. Yayan bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya damƙa masa robar a hannu ya wuce ɗakin ƙanwarsa.

Da aka sallame ta, an mayar da makullin shagon ga mai shi. Kekunan sun gyaru, suna kusurwar falo an lulluɓe su da zane. Wata safiya ya shigo ya same ta ita kaɗai, ta ɗauki almakashi tana ƙoƙarin yanka wani ƙyalle. Almakashin ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Ya durƙusa a gabanta yana kuka, yana roƙon ta yafe masa.

"Na yafe maka, Baban 'yan biyu," ta ce a hankali. "Katangar nan ba na ganin laifinka, ko ni ce zan zaɓe ta a kan mutanen. Amma na tambaye ka. Da ka ce mini bai gani ba, da ban shiga ba."

Sun ci gaba da zamansu, ba ta taɓa goranta masa ba. Shi ne yake balla mata maɓallin hannun riga, shi yake matse mata wanki. Sai dai tun daga lokacin, in ya ce mata ya kulle ƙofa, sai ta amsa da to, ta bari ya juya baya, ta je ta taɓa da hannun hagu. Yana ganinta, sai ya kau da kai.

Darasin wannan labari shi ne, abin da rayukan mutane suka rataya a kansa ba wurin gwajin iyawa ba ne. In birki ya fara sanyi, a kai wa wanda ya san aikin, a gyara inda matsalar take, a zuba man da aka yi dominsa. Faɗin "ban iya ba" ba ya rage wa mutum daraja. Wanda girman kai ya hana shi tambaya, har ya yi ƙarya don rufe kuskurensa, sau da yawa ba shi ne yake ɗaukar raunin ba, wanda ya yarda da maganarsa ne yake ɗauka.